Ɗan jiran nan da ke ba ka haushi a Magic Arena, shi ne wasan

Duk wanda ya saba da Hearthstone ko Marvel Snap, sannan ya sauke Magic: The Gathering Arena a wayarsa, ƙorafinsa na farko ba ya wuce guda: wasan ya cika tsaye-tsaye. Ka jefa kati, maimakon ya yi aiki nan take sai ya maƙale a gefen sikirin ana jiran abokin karawarka. Ka tashi kai hari, a tsaya. Ka ce ka gama, a sake tsayawa. Wasu su ɗora wa netwok laifi, wasu su ce manhajar ce ba a gina ta da kyau ba. A nawa ganin, wannan tsayawar ita ce abu mafi daraja a wasan gaba ɗaya, kuma inda kamfanin Wizards of the Coast ya gaza shi ne yadda yake ɓoye ta ga sababbin 'yan wasa, har mutum ya yi watanni yana buga wasan bai san akwai ta ba.

Richard Garfield, masanin lissafi ɗan Amurka, shi ya ƙirƙiri Magic, aka fitar da shi kasuwa a 1993. Kowane ɗan wasa na farawa da maki 20 na rai da kati bakwai a hannu, kuma burinsa ya zaftare makin ɗan'uwansa zuwa sifili. Har nan babu wani abin mamaki. Abin da ya raba shi da yawancin wasannin karta shi ne kana iya motsi a cikin zagayen abokin karawarka, shi ma yana iya motsi a naka. Da zarar an yarda da haka kuwa, dole a amsa tambaya ɗaya: idan mu biyu duk muna son yin abu a lokaci guda, wa zai fara? A tebur, in babu doka, mai saurin baki ko mai ƙarfin murya ne zai ci. Masu buga Whot sun san irin wannan rigimar. Wani ya jefa maka katin ɗaukar biyu, kai ma ka fito da naka ka ce ka kare, sai gardama ta kaure a kan ko a wannan majalisar ana karewa ko ba a yi.

Amsar da Magic ya bayar ita ce abin da dokarsa ke kira firayoriti, wanda zan riƙa kira damar motsi. Mai karatu ya ɗauke ta kamar lasifika guda ɗaya a wajen taro: wanda ke riƙe da ita shi kaɗai ke magana. Mai zagaye ne ke fara karɓarta. Yana iya jefa kati, yana iya amfani da ikon wani katin da ke tebur, ko ya miƙa ta ga ɗayan. Katin da aka jefa ba ya aiki nan take. Yana hawa kan wani tsibi ne, ya jira. Sai 'yan wasan biyu sun saki damar a jere, babu wanda ya ƙara komai, sannan katin da ke can saman tsibin ya zartu. Shi kaɗai, ban da na ƙasansa. Daga nan damar ta koma hannun mai zagaye, a sake sabon lale. In kuma tsibin babu komai a kai, duka biyun suka saki, sai wasan ya matsa zuwa mataki na gaba.

Masu rubuta manhaja za su gane wannan tsibi nan da nan, domin shi ne sitak ɗin da suke koya a darasin farko na tsarin bayanai: na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita. Haka madannin komawa baya na burauza yake aiki, haka Ctrl+Z yake warware abin da ka rubuta daga na ƙarshe. Ba da wannan tsarin aka haifi wasan ba. A shekarun farko akwai dokoki masu rikitarwa, da wani rukunin kati na musamman da ke katse sauran. Sai a 1999, da fitowar bugu na shida, aka share su aka kawo tsibi guda ɗaya da kowa ke hawa.

Bari mu ga abin da wannan ke haifarwa da kati uku da kusan duk ɗan Magic ya sani. Abokin karawarka na da Grizzly Bears a tebur, mayaƙi mai ƙarfin duka 2 da juriya 2. A hannunsa akwai Giant Growth, wanda ke ƙara wa mayaƙi 3 a ƙarfi da 3 a juriya har ƙarshen zagaye. Kai kuma kana da Lightning Bolt, mai yin illa 3. In ka yi gaggawa ka harba Bolt, yana hawa tsibi, damar ta isa hannunsa, sai ya ɗora Giant Growth a sama. Nasa ne zai fara zartuwa, mayaƙin ya zama 5 da 5, Bolt ɗinka ya sauka ya yi illa 3, mayaƙin na nan daram. Ka yi asarar katinka. Yanzu a juya. Ka yi haƙuri, shi ya ƙosa ya jefa Giant Growth don ya ƙara maka duka. Katinsa na kan tsibi bai zartu ba, mayaƙin har yanzu 2 da 2 ne. Ka ɗora Bolt a sama. Naka ya fara sauka, mayaƙin ya mutu, Giant Growth ya zo bai tarar da wanda zai ƙara wa ƙarfi ba, ya tafi a banza. Kati ɗaya naka ya ci biyu nasa.

Katunan ba su canja ba, makamashin da aka kashe bai canja ba, babu sa'a a ciki ko ƙwaya ɗaya. Wanda ya fara motsi ne ya faɗi. To in duka biyun sun san haka fa? Sai a zauna ana kallon-kallo, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gaji. Wannan kallon-kallon ne nake cewa shi ne wasan. Ka cire shi, abin da zai rage shi ne kowa ya zazzage hannunsa a tebur a ga wanda ya ja kati mafi tsada.

Akwai wasu ƙananan ƙa'idoji biyu da ke yawan kayar da mutane. Ta farko: idan ka jefa kati, kai ne ke sake karɓar damar kafin abokin karawarka. Kana iya riƙe ta ka ɗora wani katin a kan naka. Amma ba za ka iya sakinta don ka leƙa abin da zai yi, sannan ka dawo ka ƙara ba. In ka saki, shi ma ya saki, katin ya zartu ke nan. Wanda ke son ya kwafi Bolt ɗinsa da kati irin Fork dole ya yi hakan tun damar na hannunsa, idonsa a rufe game da abin da ɗayan ke shiryawa. Ta biyu: bayan kati ya zartu, mai zagaye ne ke fara samun dama. Shi ya sa idan ya sauke kati irin planeswalker, ba za ka iya kashe shi kafin ya kunna ikonsa sau ɗaya ba, komai saurin yatsanka. Sababbin 'yan wasa kan ɗauka manhajar ta cuce su a nan. Ba ta cuce su ba, doka ce.

Haka kuma ba komai ne ke hawa tsibi ba. Ajiye katin fili ba ya hawa, tatsar makamashi daga filin ma ba ya hawa, don haka babu mai iya katse su. Kuma kafin a miƙa wa kowa dama, wasan kan share tebur da kansa: mayaƙin da illar da ke jikinsa ta kai juriyarsa ya tafi, ɗan wasan da makinsa ya kai sifili ya faɗi. Babu wata kafa tsakanin saukar Bolt da mutuwar mayaƙin da za ka ce bari ka cece shi. In za ka cece shi, tun Bolt na kan tsibi za ka yi.

Yanzu ga inda fasaha ta shigo, kuma ga inda nake tausaya wa injiniyoyin da aka ba aikin. Zagaye guda na Magic da aka gwabza faɗa a cikinsa yana da matakai goma da ake ba da dama: biyu a farkon zagaye, babban mataki na farko, biyar a cikin faɗa, babban mataki na biyu, da matakin rufewa. Kowanne sai mutum biyu sun saki. Saki ashirin ke nan ko da babu wanda ya jefa kati ko ɗaya. In ba a kai hari ba matakan su koma takwas, saki goma sha shida. Wasan da kowa ya yi zagaye goma zai haura saki 300. A tebur ba a jin nauyin wannan, domin mutane na yanke hanya da baki da ido. Ka ce "na gama", ɗan'uwanka ya gyaɗa kai, kun tsallake matakai da yawa a daƙiƙa guda. Kwamfuta ba ta san gyaɗa kai ba.

Ko a teburin ma yanke hanyar na da haɗarinsa. A gasar Pro Tour da aka yi a Dublin a Fabrairun 2017, wani ɗan wasa ya furta kalma guda mai nufin a shiga faɗa, sannan ya kai hannu zai yi abin da ake yi a farkon faɗan. Alƙalai suka ce bisa ƙa'idar gasa ta lokacin, wannan kalmar ta riga ta tsallakar da shi zuwa matakin bayyana maharan, damar ta wuce. Surutun da ya biyo baya ya yi yawa, kuma cikin 'yan watanni aka sake rubuta ƙa'idar. Wato kalma ɗaya a bakin ƙwararre, a gaban kyamara, ta isa ta ɓatar da taga guda.

Magic Online, wanda ya fito a 2002, ya zaɓi ya bar wa ɗan wasa nauyin. Kai za ka saka alamar tsayawa a matakan da kake so, ka haddace madannan sakin dama, kuma kowa na da agogonsa na minti 25 irin na masu dara ta ces. In naka ya ƙare ka faɗi, ko da kai ke kan gaba. Manhajar ba ta da kyan gani, amma ba ta yi maka ƙarya game da dokar. Arena, wanda aka buɗe wa kowa gwajinsa a 2018, ya kuma iso wayoyi a 2021, ya bi wata hanyar: manhajar ce ke sakin dama a madadinka duk lokacin da ta ga ba ka da abin jefawa. Wasa ya yi sauri, ya yi daɗin kallo, ya shiga aljihu. Ba na musun cewa wannan shawarar ce ta sa Magic ya yiwu a waya.

Amma ga kuɗin da aka biya. Mafi shaharar dabara a tarihin wasan ita ce ta mai shuɗin kati da ya bar filaye biyu bai taɓa ba. Counterspell na cin makamashi shuɗi biyu, ya soke katin da ke kan tsibi kafin ya zartu. Duk wanda ya ga tsibirai biyu a tsaye sai gabansa ya faɗi: in jefa babban katina yanzu a soke, ko in jira? A tebur, mai shuɗin na iya kasancewa ba shi da komai a hannu sai tarkace. Ya ɗan dubi katunansa, ya yi jim, ya ce "wuce". Barazanar kaɗai ta sa ka ɓata zagaye guda. A Arena, in ba ka da abin jefawa, manhajar na saki nan take, ko ƙiftawar ido babu. Abokin karawarka ya jefa ƙaramin kati don gwaji, ya ga ya zartu ba tsayawa, ya gane hannunka fanko ne, ya sauke babban. In kuma kana da shi, wasan ya tsaya cak, ya gane akwai. Ko ta wace fuska manhajarka ta tona maka asiri, kuma ba ta taɓa gaya maka tana yin hakan ba.

Za a ce ai akwai magani, kuma gaskiya ne. A kwamfuta madannin Ctrl na kunna Full Control, wanda ke tsayar da wasan a kowace taga ko kana da kati ko ba ka da shi, kuma Ctrl da Shift tare na kulle shi a kunne. Kana kuma iya saka alamar tsayawa a matakan zagaye. Ƙorafina shi ne wa ya sani? Ƙwararru sun sani, masu kallon bidiyon ƙwararru sun sani. Sabon shiga da ya gama darasin koyarwa na manhajar ya iya kai hari da tarewa, ya ga misalin katin nan-take, amma ba a zaunar da shi an nuna masa cewa saurin sakinsa labari ne da yake aika wa abokin gaba ba. Sakamakon haka an samu aji biyu na 'yan wasa masu kati iri ɗaya: masu karanta tsayawar, da waɗanda ake karantawa. A gasar da ake shiga da lu'ulu'un da aka saya da kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ba ta Arena kaɗai ba ce. Yu-Gi-Oh! Master Duel na Konami, da ya fito a Janairun 2022, na fama da irinta. A can ana kiran tsibin sarƙa, kuma da ta fara warwarewa ba a ƙara mata komai sai ta ƙare, saɓanin Magic. Ɗan jinkirin da kan biyo bayan motsinka na gaya maka cewa ɗayan na riƙe da kati irin Ash Blossom a hannu. Sai dai Konami ta ba da makunni mai matsayi uku, a kunne, a kashe, ko a bar wa manhaja, wanda ake iya juyawa ana tsakiyar wasa, kuma 'yan wasan sun ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na gwaninta. Abin da nake so Wizards ta koya ke nan: makunnin ya zama a gaban ido, girmansa ya kai na madannin kai hari, kuma darasin farko ya tilasta maka amfani da shi sau ɗaya.

Akwai masu ganin cewa duk wannan wahala ce da ba ta da amfani, a bi sawun Hearthstone kawai. Blizzard ta fitar da shi a 2014 da shawara mai tsauri: a zagayen abokin karawarka ba ka taɓa komai, sai dai tarkon da ka riga ka ɗana ya tashi da kansa. Marvel Snap na 2022, wanda kamfanin Ben Brode, tsohon daraktan Hearthstone, ya gina, ya ƙara gaba: zagaye shida, kowa na ajiye katinsa a lokaci guda, a gama cikin 'yan mintuna. Ga mai buga wasa a cikin mota, da netwok mai zuwa yana ɗaukewa, wannan hujja ce mai ƙarfi. Kowace taga ta dama a Arena saƙo ne da zai je sabar ya dawo, kuma igiyar lokaci ba ta san ko tunani kake yi ko sabis ne ya gudu ba. Abin dariyar ma, mai raunin netwok kan yi barazana ba da niyya ba, ɗayan na can yana zaton Counterspell ake lissafawa alhali layi ne ya tsinke.

Duk da haka, a lura cewa ko Marvel Snap bai tsira daga tambayar wa zai fara ba. Wanda ke kan gaba a tebur shi ake fara buɗe wa kati, kuma ƙwararru kan bari da gangan a wuce su kafin zagayen ƙarshe, don Shang-Chi ɗinsu ya buɗe daga baya ya tarar da ƙaton katin da aka ajiye ya rusa shi. An kore ta ta ƙofa, ta dawo ta taga. Legends of Runeterra na Riot Games kuwa, a 2020, ya ɗauki tsakiya: ana musayar motsi ɗaya-ɗaya, da katunan da ake iya mayar wa martani da waɗanda ba a iyawa. Ashe ana iya gina wasan waya mai martani ba tare da saki 300 ba.

Ba kuma ina cewa kowace taga mai tsarki ce ba. Kafin 2009, illar faɗa ma na hawa tsibi. Mai Mogg Fanatic, ɗan ƙaramin mayaƙi 1 da 1 da ake iya sadaukarwa ya yi illa 1, zai tare maharin, ya bari illarsa ta hau tsibi, sannan ya sadaukar da shi ya sake yin wata illar. Riba biyu, babu zaɓi, domin babu dalilin da zai sa kada ka yi. Da dokokin Magic 2010 suka cire wannan, tsofaffin 'yan wasa sun yi ta kururuwa cewa an mayar da wasan na yara. Ina ganin Wizards ce ke da gaskiya a ranar. Bayan canjin, sai mai Fanatic ya zaɓa: ya daki maharin, ko ya sadaukar. Tagar da ke da amsa ɗaya tilo, wadda kawai ke ware wanda ya haddace doka da wanda bai haddace ba, ba asara ba ce in an rufe ta. Da wannan ma'aunin nake auna sakin da Arena ke yi da kansa. Sakin dama a matakin jan kati alhali babu mai makamashi, a yi ta saki, babu wanda ya yi rashi. Sakin dama nan take alhali filayenka biyu na tsaye kuma babban kati na kan tsibi, wannan shawara ce da aka ƙwace maka.

Gyaran ba ya buƙatar sake gina injin dokokin, wanda dama aiki ne jibgege. A 2019 Alex Churchill da Stella Biderman da Austin Herrick sun nuna a rubuce cewa ana iya gina kwamfuta cikakkiya da katunan Magic da dokokinsa kaɗai. Abin da ake buƙata ƙarami ne. A saka saiti guda da ke cewa: duk lokacin da nake da filin da ban taɓa ba kuma abokin karawata ya jefa kati, a tsaya a tambaye ni, ko ina da martani ko babu. A wasannin hawa matsayi da gasannin da ake biya, ya zama a kunne tun asali. A wasan nishaɗi a bar shi a kashe, mai sauri ya yi saurinsa. Wasa zai ƙara tsawo, na yarda, wataƙila da daƙiƙa biyu a kan kowane kati, kuma kamfanin da ke auna nasararsa da yawan wasannin da aka gama a awa ba zai so hakan ba. Amma wanda ya biya kuɗi ya shiga gasa bai zo don a gama da wuri ba.

Kafin su yi, wanda ke buga Arena a kwamfuta na iya farawa da abu biyu. Ya saka alamar tsayawa a matakin rufewa na zagayen abokin karawarsa, domin nan ne wurin jefa katin nan-take mafi arha: filayenka za su miƙe da zarar naka zagayen ya fara, ka ci makamashin da da zai tafi a banza. Sannan duk lokacin da ya bar filaye a tsaye da gangan, ya kulle Full Control kafin ya danna ƙarshen zagaye, ba bayan ɗayan ya jefa katinsa na farko ba, domin a lokacin manhajar ta riga ta saki.